Sababbin akwatunan Wi-Fi a kan tsohon saiti: nazarin matsalar wani sito

Sati uku bayan an sauke tsofaffin akwatunan Wi-Fi an ɗaura sababbi, manajan sito ya ce a dawo masa da na da. Ba da wasa ya faɗa ba. Tsofaffin na nan jibge cikin kwali, kuma a lissafinsa sun yi shekaru suna aiki ba a taɓa tsayar da lodin mota saboda su ba. A wannan gaɓar aka kira ni, ni da ban sa hannu a sayen kayan ba, ban kuma sa hannu a ɗaura su ba.

Wurin na wani kamfanin rarraba kaya ne: babban sito mai dogayen kantocin ƙarfe, da ginin ofis hawa uku a jikinsa. Akwatunan da nake nufi su ne waɗanda masu sana'ar ke ce wa AP, irin waɗanda ake maƙalawa a silin, kowanne da kebul ɗaya mai kawo masa wuta da bayanai tare, dukansu kuma ƙarƙashin kwanturola guda mai raba musu saiti. Na da ɗin 'yan zamanin ƙa'idar Wi-Fi ta 802.11n ne. Sababbin Wi-Fi 6 ne, wato 802.11ax. In faɗa tun yanzu, cikin kusan akwati arba'in babu ko ɗaya da aka samu a lalace. Sun zo ne da saitinsu na masana'anta, suka sauka a wurin da ke cike da tsofaffin dabarun kewaye waɗanda ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda ya tuna dalilinsu.

"Injiniya, ni ba ruwana da lambobinku," in ji manajan ranar farko. "Mota na jira a ƙofa."

Na ce, "Yallaɓai, a ba ni kwana biyu, amma kada kowa ya sake taɓa saiti."

Wannan roƙon an karɓa. Na biyun ne ya gagara, wato a ba ni jerin abin da aka canza cikin sati ukun nan. Mutum uku ke shiga kwanturolar da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, saboda haka kundin bai nuna wa ya yi me ba. Sai da muka zauna kowa ya tuno nasa. An kai ƙarfin rediyon kowane akwati ƙarshe. An ƙirƙiri sunayen Wi-Fi biyu don gwaji aka manta da su a kunne. An sa akwatunan su riƙa mutuwa suna tashi kowane dare, wai ko za su wartsake. Ban ga laifinsu ba. Wanda ake kira a waya sau ashirin a wuni zai murɗa duk abin da hannunsa ya kai.

Abin da kowa ke faɗa jumla ɗaya ce, Wi-Fi na yankewa, jumlar da ba ta kai mai bincike ko'ina. Kwana biyun nan na yi su ne ina bin ma'aikata a baya, ina tambayar wace na'ura, a wane wuri, da ƙarfe nawa. Da na tattara sai ƙorafin ya rabu. Sikanonin karanta lambar kaya suna daskarewa in mai su ya tashi daga wannan layin kantoci zuwa wancan, wasu ma ba sa shiga sam. Wasu akwatunan sito suna mutuwa da faɗuwar rana. A hawa na uku na ofis, mutanen ɓangare guda kan faɗi lokaci ɗaya, su dawo bayan ɗan lokaci. Baƙi kuma wayarsu na nuna ta shiga, amma babu intanet. Babu abin da ya haɗa waɗannan huɗun sai ranar da aka fara lura da su.

Wuta tukuna

Da wuta na fara, ba don ita ta fi damun mutane ba. Duk awon da aka yi a kan akwatin da bai ƙoshi da wuta ba, awon banza ne.

Wutar da ke bin kebul ɗin sadarwa tana da matakai. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana ba da wat 15.4 daga bakin suwic (na'urar da ake soke kebul ɗin a jikinta), abin da ke isa ga na'ura kuma 12.95 ne. Ta 802.3at, ta 2009, tana ba da wat 30, a karɓi 25.5. Tsofaffin akwatunan matakin farko ya ishe su. Sababbin na biyu suke so. Abin da ke ruɗa mutane shi ne akwatin da bai samu abin da yake so ba ba ya ƙin tashi. Zai tashi, fitilarsa ta yi launin lafiya lau, sai ya rage wa kansa aiki a ɓoye: ya kashe wasu daga cikin hanyoyin eriyarsa, ya rufe kafar USB, ya sauke ƙarfin rediyo. Dukan akwatunan ofis a haka suke gudana tun ranar farko, kuma kwanturolar ta rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a wani shafi da ba wanda ke buɗewa.

Suwic ɗin ofis suna iya ba da wat 30. Amma irin waɗanda ke fara ba da 15.4 ne, su jira na'ura ta nemi ƙari ta hanyar LLDP, ɗan saƙon da na'urori ke gabatar da kansu da shi ga maƙwabcinsu a kan kebul. A kowace kafa ta waɗannan suwic ɗin LLDP a kashe take. Wa ya kashe? Shekaru da suka wuce wani ya kashe ta, wasu suka ce saboda binciken tsaro, wasu suka ce saboda wayoyin tebur da suka riƙa faɗawa VLAN, wato keɓaɓɓen sashen sadarwa, da ba nasu ba. Ko wanne ne, dabarar ta yi aikinta a lokacinta, ta kwanta shiru, har ranar da aka kawo na'urar da ke buƙatar yin magana. Muka kunna ta a kan kafofin akwatunan kaɗai, sauran muka bar su yadda suke.

Na sito labarinsa daban. Wannan suwic ɗin mai kafa 24 ne da jimillar wuta wat 370. Lissafin bai da wuya: 370 ya ishi kafa 24 a kan 15.4, amma kafa 12 kacal zai ɗauka a kan 30. Akwatunan na raba shi da kyamarorin tsaro, waɗanda ke kunna fitilunsu na gani cikin duhu da zarar rana ta faɗi. Jan wuta ya haura, suwic ya fara zubar da kaya, kuma tunda ba a ba kowace kafa fifiko ba, daga kafofin ƙarshe yake farawa. A can aka soke akwatunan. An mayar da kyamarori huɗu wani suwic, aka ɗaga fifikon kafofin Wi-Fi, wannan ƙorafin ya mutu a daren.

Sikanonin

Nan ne gizo ke saƙa, nan kuma na fi daɗewa.

Sikanonin iri biyu ne, tsofaffi sosai da masu matsakaicin shekaru. Tsofaffin ba sa shiga kwata-kwata. Na sa katin Wi-Fi na kwamfutata a yanayin sauraro, na buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa, na tsaya kusa da ɗaya. Sikanar ta yi sallama, akwati ya amsa, daga nan sai shiru. Ba ta ko nemi izinin shiga ba. Ta ga wani abu a amsar da bai yi mata ba.

Kowane akwati yana shela game da kansa, kuma cikin shelar akwai wani sashe da ake kira RSN, inda yake lissafa hanyoyin tantancewa da ya yarda da su, kowace da lambarta. Lamba 2 ita ce kalmar sirri ta tsarin tsaron WPA2 da aka saba. Lamba 4 ita ce kalmar sirrin tare da saurin ƙaura na 802.11r, ƙaura ita ce tashin na'ura daga wannan akwati zuwa wancan. Lamba 8 ita ce SAE, hanyar WPA3 da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2018. Tsohon tsarin lamba 2 kaɗai yake shelantawa. Sabon ya zo da duka ukun a jere, domin saitinsa na masana'anta shi ne haɗa WPA2 da WPA3 a suna ɗaya, da 802.11r a kunne. Bisa ƙa'ida, na'urar da ta ga lambar da ba ta sani ba sai ta tsallake ta ta ɗauki wadda ta sani. Amma akwai tsofaffin direbobin katin Wi-Fi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da katin, da aka rubuta a zamanin da jerin bai wuce abu ɗaya ba, in suka ga uku sai su ja baya. Wannan sananniyar matsala ce, tana rubuce a takardar da ke rakiyar manhajar akwatunan, ƙarƙashin sashen matsalolin da aka sani. Ba wanda ya karanta ta kafin a ɗaura, kuma gaskiya ni ma sai da na ga shirun sikanar na koma na nemo ta.

Wani abu ya ba ni mamaki. Ƙa'idar 802.11r tun 2008 take, tsohuwar kwanturolar ma tana da ita, to me ya sa sikanonin ba su taɓa cin karo da ita ba? Da na tono ajiyayyen saitin tsohuwar sai na ga an kashe ta da hannu, ba tare da bayani ba, a cikin makonnin da Mathy Vanhoef na jami'ar KU Leuven ta Beljiyam ya bayyana harin KRACK a watan Oktoba na 2017. Ɗaya daga cikin ɓarakar da ya nuna tana cikin musabahar 802.11r ne, wato musayar saƙonnin tantancewa, a ɓangaren akwati, kuma shawarar da aka yi ta bayarwa a lokacin ita ce a kashe shi har gyara ya fito. Gyara ya fito, ba a sake kunnawa ba. Aka sayi sikanonin suka yi rayuwarsu ƙarƙashin inuwar wata dabarar wucin gadi da ba don su aka yi ba. Allura ce ta tono garma.

Mafitar ita ce a ware musu nasu sunan Wi-Fi: WPA2 zalla, babu 802.11r, babu kariyar saƙonnin gudanarwa ta 802.11w. Rashin 802.11r bai dame ni ba a nan. Amfaninsa ya fi fitowa a tsarin da kowane ma'aikaci ke shiga da sunansa ta 802.1X, inda kowace ƙaura ke nufin tafiya sabar RADIUS mai tantance shi a dawo, abin da kan isa ya katse kiran murya. Mai kalmar sirri ɗaya kuwa musabaha ce mai saƙo huɗu tsakaninsa da akwati, an gama. Rashin 802.11w shi ne asarar gaske. Ƙa'idar ta 2009 ce, WPA3 ya wajabta ta, kuma ita ke hana wani ya ƙirƙiri saƙon ƙarya da sunan akwati ya ce wa na'ura ta fita. Mun buɗe wannan ƙofar da saninmu. Abin da muka iya yi shi ne mu ƙuntata abin da ke bayanta: sunan ya samu nasa VLAN, katangar tsaro ba ta barinsa ya je ko'ina sai sabar ƙididdigar kaya, kuma akwatunan sito kaɗai ke shelanta shi, ban da na ofis.

Masu matsakaicin shekarun suna shiga lafiya, ƙaura ce ke kayar da su. Kundin kwanturola cike yake da lambar dalili ta 15, wadda ke nufin musabaha mai saƙo huɗu ba ta kammala a kan lokaci ba. Yawanci in aka ga haka sai a ce kalmar sirri ce ba daidai ba, shi ya sa ma'aikatan wurin suka kwashe wuni guda suna sake buga ta a sikana bayan sikana. Kalmar ba ta da laifi. Akwatin ya aika saƙo na farko, sikanar ta ji ta amsa, shi ne bai ji amsar ba.

Ga inda ƙara ƙarfin rediyo ya yi ɓarna. Ba akwati ke yanke shawarar ƙaura ba, na'urar da ke hannu ce. Kowane kamfani da ma'auninsa. Apple ya rubuta cewa iPhone ba ta fara neman wani akwati sai sigina ta sauka zuwa -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina, lambar na ƙara nisa da sifili siginar na ƙara rauni), Mac kuma -75. Ƙa'idojin 802.11k da 802.11v suna ba akwati damar ya nuna maƙwabta ko ya ba da shawara, amma shawara ce, na'ura na iya yin biris. To in aka sa akwati yana ihu da ƙarfinsa duka, sikana mai ɗan batir da 'yar eriya za ta ci gaba da jin sa daga ƙarshen sito tana ganin komai lafiya, alhali muryarta ba ta isa gare shi ta cikin layukan ƙarfe da kaya. Ƙarin 3 dB ninka ƙarfi ne, kuma tazarar da ke tsakanin akwatunan da sikanonin ta wuce haka nesa. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi, awon da aka dogara da shi wajen zaɓen wurin maƙala akwatunan an yi shi ne a lokacin da rabin kantocin ba kowa a kansu. Sito mai cike da takarda da kayan ruwa wani gini ne daban a wurin sigina.

Sai tashoshi, wato yankunan mitar rediyo da akwatuna ke magana a kansu. Sababbin akwatunan sun zo da faɗin tasha 80 MHz a zangon 5 GHz. Tashoshi 36, 40, 44 da 48, waɗanda a faɗin 20 MHz huɗu ne masu zaman kansu, a faɗin 80 sun dunƙule sun zama ɗaya. Da tsarin raba tashoshi na kwanturolar ya ga wuri ya yi kaɗan, sai ya tura akwatuna da yawa zuwa 52 har 64, da 100 zuwa sama. Sikanonin kuwa jerin da suke dubawa 36 zuwa 48 ne kawai. A idonsu fiye da rabin akwatunan sito ba su wanzu ba a wannan zangon. Na'urar da ma ta san waɗancan tashoshin ba a yarda ta fara yin sallama a kansu ba saboda na radar ne, sai ta tsaya ta saurari shela tasha bayan tasha, kowace da jiran fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai tafiya a motar ɗaga kaya ya bar wurin kafin a gama. A sito muka koma faɗin 20 MHz, muka taƙaita ga tashoshi huɗun nan, muka sauke ƙarfi har sai da kowane layi ya samu kusan -67 dBm daga akwatinsa ba daga na nesa ba. Wani zai ce asara ce a sayi Wi-Fi 6 a gudanar da shi a faɗin 20. Sikana lambobi kaɗan take aikawa. Ba gudu take buƙata ba, kada ta faɗi kawai.

Wanda bai samu 5 GHz ba sai ya gangara 2.4 GHz, can kuma cunkoso ne. Tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Sunayen Wi-Fi bakwai ne a kunne. Kowane suna yana da shelarsa duk bayan daƙiƙa 0.1024, kuma ana aika ta ne da mafi ƙarancin gudun da aka yarda da shi, wanda a lokacin megabit 1 ne. Shela mai girman bayit 300 a wannan gudun tana cin kusan kashi 2.5 cikin ɗari na lokacin iska. A ninka da suna bakwai, a sake ninkawa da akwati uku masu jin juna a tasha ɗaya, an haura rabi kafin kowa ya aika komai. Muka rage sunayen zuwa huɗu, muka ɗaga mafi ƙarancin gudu zuwa megabit 12.

A nan na yi nawa kuskuren. Ban duba jerin na'urorin da ke shiga ba kafin in ɗaga. Akwai wata tsohuwar firinta mai buga lambar kwali a bakin ƙofar lodi, 'yar 802.11b ce ta 1999, wadda iyakar gudunta megabit 11. Da safe ta ɓace daga duniya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, kuma ƙofar da manajan ya fi sa wa ido. Ban mayar da saitin ba. Firintar ba ta motsawa daga teburinta, muka ja mata kebul.

Hawa na uku

Faɗuwar mutane gaba ɗaya a lokaci guda alama ce ta akwatin ya bar tasharsa. Kundin ya tabbatar: an gano radar.

Tashoshi 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140 aro Wi-Fi ke yi, na radar ne, na yanayi da na jiragen sama da na soja. Sharaɗin aron shi ne tsarin DFS da ya shigo da 802.11h a 2003. Kafin akwati ya fara magana a irin wannan tasha sai ya yi shiru na daƙiƙa 60 yana sauraro. A Turai, tashoshi 120, 124 da 128, waɗanda suka faɗa kan zangon radar yanayi na 5600 zuwa 5650 MHz, shirun minti 10 ne. In ya ji radar yana cikin aiki, yana da daƙiƙa 10 ya tashi, kuma ba zai koma ba sai bayan minti 30. Yakan sanar da na'urori tashar da zai koma, amma ba kowace ke bin sanarwar ba, kuma in sabuwar tashar ma ta aro ce, ga wani jiran.

Tambayar ita ce radar ɗin na gaske ne ko akwatin ne ke jin abin da babu. Akwai yadda ake bambancewa. Na gaske yakan bugi mita ɗaya, ya taɓa akwatuna da dama a lokaci guda, musamman na sama masu fuskantar taga a gefe ɗaya. Na ƙarya a warwatse yake, akwati ɗaya yau, wani gobe, har wanda ke tsakiyar gini inda ko siginar waya ba ta shiga da kyau. Da na jera abubuwan da suka faru a takarda sai na ga duka biyun. Akwai tarin da ke kan tashoshi biyu maƙwabta a gefen gabas na hawa na uku, akwai kuma na warwatse ko'ina. Takardar manhajar ta ambaci na biyun: a wannan sigar, akwati kan ɗauki watsawar maƙwabcinsa a matsayin radar in suna kusa kuma suna da ƙarfi. Sai ga ƙarfin da aka kai ƙarshe ya sake fitowa a wani wuri.

Ƙaramin cikin ma'aikatan ya kawo shawara. "Oga, me zai hana mu canza ƙasar da ke saitin zuwa wadda ba ta da wannan dokar?"

Na ce masa a'a, kuma ba don tsoron takarda kaɗai ba. A 2009 hukumar jiragen sama ta Amurka ta gano cewa na'urorin 5 GHz suna shiga radar yanayi na filin jirgin San Juan a Puerto Rico, radar da ke gargaɗin matuƙa game da iska mai haɗari lokacin sauka, kuma hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci tarar masu gudanar da irin waɗannan na'urorin. Ɗaya dabarar da aka fi yi, wato a kashe dukan tashoshin DFS, halas ce amma tana da tsada. A ofis mai hawa uku, in aka zubar da su saura kaɗan ne, akwatuna su koma hawa kan juna. Abin da muka yi shi ne sabunta manhajar, ba gaba ɗaya ba, akwati uku tukuna na tsawon kwana biyu, bayan na karanta matsalolin da aka sani na sabuwar sigar daga farko har ƙarshe, domin ita ma tana da nata. Na warwatsen suka ɗauke. Na gefen gabas suka ci gaba, a kan mitarsu. Waɗannan tashoshin kaɗai muka cire daga jerin, a hawa na uku kaɗai, muka sauke faɗin tashar ofis zuwa 40 MHz.

Ina cikin wannan na tarar da wata dabarar da ba wanda ya ambata a zamanmu na farko. An kashe 802.11ax gaba ɗaya a sunan Wi-Fi na ma'aikatan ofis, saboda wasu 'yan kwamfutoci masu tsohon direba ba sa ganin sunan in yana kunne. Dabarar ta yi aiki, shi ya sa aka manta da ita. Da an bar ta, kamfanin zai shekara biyar yana gudanar da Wi-Fi 5 a kan kayan Wi-Fi 6. An sabunta direbobin, aka kunna.

Na baƙi bai ci minti ashirin ba. Adireshin IP, wato lambar da ake ara wa na'ura kafin ta samu intanet, 254 ne a rumbun da ake rabawa, wa'adin aron kowanne kwana 8, sunan kuma a buɗe yake ba kalmar sirri. Da ƙarfin da aka ƙara, shelar ta kai har wurin ajiye motoci, wayar duk direban da ya taɓa shiga sai ta kama da kanta ta ɗauki adireshi ta tafi da shi. Tun Android 10 da iOS 14 wayoyi ke gabatar da kansu da lambar MAC, wato lambar shaidar katin Wi-Fi, ta bogi, don haka waya ɗaya na iya dawowa a matsayin sabuwa. Muka faɗaɗa rumbun zuwa 1022, wa'adin ya koma awa huɗu.

Abin da aka bari a rubuce

Kafin in tafi an raba wa mutum ukun nan kowa sunansa na shiga kwanturola, aka soke mutuwa da tashin dare. Sannan muka buɗe takarda guda, kowace dabara da layinta: me aka kashe, a ina, saboda wace na'ura, me aka rasa da kashewar, da kuma abin da zai faru kafin a cire ta. Layin sikanoni ya ce a rufe sunan ranar da tsohuwar sikana ta ƙarshe ta bar aiki, tare da tunin cewa zangon 6 GHz ba ya karɓar WPA2 sam, don haka a gwada duk sabuwar da za a saya a kan WPA3 kafin a biya. Layin tashoshin gabas ya ce a sake kunna su na mako guda bayan kowane babban sabunta manhaja, a duba kundi. Layin LLDP shi ne ya fi gajarta, domin a gurbin dalili ba mu da abin rubutawa game da sauran kafofin da muka bari a kashe.

Bayan wasu watanni ƙaramin ma'aikacin ya kira ni. An kawo sababbin sikanoni, sun shiga babban sunan da WPA3 ba gardama. Na tambaye shi ko an rufe na tsofaffin. Ya ce saura uku a ɗakin sanyi, masu aikin can sun ƙi rabuwa da su saboda maɓallansu manya ne, ana iya danna su da safar hannu. Sunan yana nan a kan akwati biyu na ɗakin, ya ce, kuma ya gyara layin a takardar ya sa kwanan wata.